Tsakanin Lisha da Asuba: Haƙƙin Barcin Matasa a Kan Iyaye

Duk malamin da ya taɓa riƙe alli a wata makarantar sakandare ta ƙasar Bebeji, ko Kiru, ko Tudun Wadar Ɗankadai, ko Doguwa, ya san cewa tun kafin a fita tara, a daidai lokacin da ya kamata a ce ƙwaƙwalwar yaro tana kan ganiyarta, ba a rasa wanda ya tallafe haɓa da hannu a kusurwar aji, littafi buɗe a gabansa, kai yana rinjaya yana dawowa, har sai an daka masa tsawa ya zabura yana mutsuttsuka ido. Hukuncin da aka saba yankewa nan take shi ne lalaci da rashin kishin karatu, a wani wurin ma a haɗa da bulala. Idan labari ya isa gida, uba ya ɗora nasa faɗan, ya ce yaran yanzu ba su da himma. Ni kuwa abin da na fahimta, bayan na auna abin da likitoci suka binciko da abin da malamanmu suka daɗe suna karantarwa, shi ne cewa gyangyaɗin nan daga gida aka zo da shi, kuma galibin sabubbansa suna hannun manya, waɗanda su ne kan gaba wajen tuhumar yaron.

Mu fara da miƙdarin abin da jiki ke nema. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka, bayan ta tara masana sun tace ɗaruruwan bincike, ta tsaya a kan cewa wanda ke tsakanin shekara 13 da 18 yana bukatar barcin awa 8 zuwa 10 a kowace rana, alhali babban mutum awa 7 ko sama da haka kan wadatar da shi. Hikimar wannan bambanci a fili take, domin a cikin barci mai nauyi na farkon dare ne jiki ke sakin kaso mafi yawa na sinadarin da ke miƙar da ƙashi ya gina tsoka, kuma a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke jera abin da aka karanta da rana, ta ajiye shi inda ba zai zube ba. Alarammomin tsangaya, waɗanda ba su taɓa taka ɗakin gwaje-gwaje ba, sun gina tsarinsu a kan wannan tun fil azal: a biya allo da dare, a kwanta, a tashi da asuba a maimaita, sai a tarar hadda ta zauna daram. Wanda aka tauye wa barci kuwa, abin da ke fara bayyana gare shi shi ne mantuwa da saurin fushi da mutuwar jiki, wato ainihin laifuffukan da ake ƙorafi a kansu game da samari da 'yan matanmu.

Sai kuma mu dubi daren da Allah ya hore mana a wannan yanki. Da yake ƙasar Kano ba ta yi nisa ƙwarai da tsakiyar duniya ba, darenmu ba ya miƙewa ko ya taƙaita irin na mutanen Turai. A watan Yuni, lokacin da yini ya fi tsawo, ana kiran lisha wajen ƙarfe 8, alfijir kuma ya keto wajen 5 saura kwata. A watan Disamba, cikin hunturu, lisha takan shiga bayan ƙarfe 7 da kaɗan, alfijir kuma ya kusanci 5 da rabi. Mai lissafi zai ga cewa abin da ke tsakanin sallolin nan biyu bai gaza awa 8 da rabi ba, bai kuma wuce awa 10 da wani abin kirki ba, wato daidai gwargwadon da likitocin suka yanke wa matashi, babu rara sai ƙalilan. Ma'anar wannan ita ce, yaron da ya kwanta ƙarfe 11 ko 12 ya tashi da kiran assalatu, awa 5 ko 6 ya samu, ya kwana da bashin awa 2 ko 3. Kafin a zagayo daga Litinin zuwa Juma'a bashin ya haura barcin dare guda cur.

Amurkawa da suka gane wannan matsala a wurinsu, ta ɓangaren safiya suka nemi magani. A 2014 ƙungiyar likitocin yara ta ƙasarsu ta ba da shawarar kada makarantun matasa su fara karatu kafin ƙarfe 8 da rabi, a 2019 kuma jihar Kalifoniya ta mai da wannan doka ga manyan makarantun sakandare, aka fara aiki da ita a 2022. Mu a nan wannan hanya ba ta ɓulle mana, kuma bai kamata mu yi fatan ta ɓulle ba. Sallar asuba farilla ce a kan duk wanda ya balaga, lokacinta kuwa ba a hannun wani kwamishina yake ba. Bayanta ga gona da ke son a same ta kafin rana ta yi zafi, ga rijiya, ga dabbobi, ga tafiyar ƙasa mai nisa zuwa makaranta ga 'ya'yan ƙauyuka. Darenmu kamar tabarma ne da aka danne gefenta ɗaya da dutse, ta ɗaya gefen kaɗai ake iya shimfiɗa ta ko a naɗe ta. Wannan gefe kuwa, wato abin da ke faruwa daga sallame lisha zuwa rufe ido, gida ne ke da iko da shi.

Amma kafin mu shiga cikin gidan, wajibi ne a yi wa matashi adalci a kan wata ɗabi'a da Allah ya halicce shi da ita. Malama Mary Carskadon ta Jami'ar Brown, wadda ta shafe shekaru masu yawa tana nazarin barcin matasa, ta nuna tun a 1993 cewa da zarar alamun balaga sun fara bayyana, agogon cikin jiki yakan ja baya: sinadarin melatonin, wanda ƙwaƙwalwa ke saki idan duhu ya yi domin ya jawo barci, sai ya riƙa jinkirin fitowa, nauyin ido kuma ya riƙa jinkirin taruwa. Wani masani Bajamushe, Till Roenneberg, da ya bi sawun dubban mutane, ya ruwaito a 2004 cewa wannan jinkiri yana ci gaba da ƙaruwa har wajen shekara 19 da rabi ga mata, 21 ga maza, sa'an nan ya fara komawa. Ashe ke nan saurayin da ya ce da mahaifiyarsa, "Inna, wallahi na kwanta, barcin ne ya ƙi zuwa," sau da yawa gaskiya ya faɗa. Sai dai wannan jinkiri na halitta ɗan kaɗan ne idan aka bar shi cikin duhu. Haske ne ke hura shi ya zama babba. A 2015 an buga wani bincike da aka yi a kan ƙabilar Toba ta arewacin Ajantina, inda aka gwama unguwanni biyu na mutane iri ɗaya, ɗaya da lantarki ɗaya babu, aka tarar masu lantarkin suna rasa kimanin minti 40 zuwa awa guda na barci a kowane dare, kuma ta wajen jinkirin kwanciya asarar take zuwa.

Yanzu mu dubi yadda Bahaushe ya tsara makwancin ɗansa namiji, domin a nan ne, a ganina, babbar mas'alar take. Shari'a ta yi umarni da a raba wa yara shimfiɗa idan sun kai shekara 10, kamar yadda Abu Dawuda ya ruwaito, aya ta 58 da ta 59 na Suratun Nur kuma sun koyar da neman izini a lokuta uku na keɓewa, suka tsananta shi a kan wanda ya balaga. Al'adarmu ta ɗauki wannan ladabi ta ƙara masa tsawo: yaro yana tasawa sai a fitar da shi daga ɗakin uwarsa, a mai da shi soro, ko a yanka masa shago a jikin katanga wanda ƙofarsa ke kallon waje, ya haɗu da sa'o'insa na gidan da na maƙwabta su riƙa kwana tare. Babu mai musun maslahar da ke cikin wannan, ta fuskar kunya da kiyaye mutuncin cikin gida da koya wa namiji tsayawa da ƙafarsa. Abin da ba mu lura da shi ba shi ne, shekarun da muke janye idonmu daga makwancin yaro su ne ainihin shekarun da agogon jikinsa ke zamewa, lokacin da ya fi kowane lokaci bukatar wanda zai ce masa dare ya yi. Ga kuma kunyar ɗan fari, wadda ke hana uba ko uwa yawan shiga sha'aninsa, har a sami magidancin da shekara take zagayowa bai leƙa shagon ɗansa ba, bai san da wa yake kwana ba, balle ƙarfe nawa yake kwanciya.

A da wannan sakaci bai yi illa mai yawa ba, saboda gari da kansa yana tsare yaro. Ba na cewa magabata ba su yi hirar dare ba; wanda ya karanta labarin Baba ta Karo, wadda Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta aka buga a 1954, kuma wadda ta tashi a yankin Zarewa, maƙwabtan ƙasar Kiru ta yamma, zai ga yadda samari da 'yan mata ke raba dare a wajen kiɗa da wasa da tsarance. Amma wasan dandali yana da sarki, shi ne farin wata. Idan wata ya haska a yi gaɗa da langa, idan ya shiga duhu kowa ya nemi tabarmarsa da wuri, man aci-balbal da kananzir kuwa ba abin da ake ƙonawa a banza ba ne. Tsofaffi suna cewa dare mahutar bawa, kuma haka yake a aikace, domin babu abin da za a yi da shi in ba hutun ba.

Yau kuwa leƙa shagon samari a kowane gari na kan hanyar nan, daga Kwanar Ɗangora har ka gangara Tudun Wada, da misalin ƙarfe 11 da rabi na daren Laraba. Katifa ɗaya ce a ƙasa da tabarma a gefe, samari huɗu, yanzu suka dawo daga gidan kallo, domin wasannin gasar Zakarun Turai a lokacin hunturu ƙarfe 9 na dare agogonmu ake take su, ba a tashi sai wajen 11. Sun biya ta teburin mai shayi, kowa ya sha kofi guda mai kauri, alhali sinadarin da ke cikin shayi da goro yakan ɗauki kimanin awa 5 kafin rabinsa ya bar jini. Biyu suna ta musu a kan fenaritin da alƙalin wasa ya hana, ɗaya ya rufe kansa da bargo hasken waya yana fitowa ta ƙarƙashi, yana jiran lokacin garaɓasar data da kamfanonin waya ke sayarwa da rahusa daga tsakar dare zuwa asuba, don ya sauke fassarar fim ɗin Indiya. Ƙaraminsu, ɗan aji uku na ƙaramar sakandare, wanda barci yake ji da gaske, ba shi da ikon cewa a kashe fitila. Ƙarfe 5 da 'yan mintuna maigida zai fito da buta, ya buga ƙyauren langa-langa da tafin hannu: "Kai, ku tashi, salla!" A amsa daga ciki da murya a shaƙe, "To, Baba." A wajen uban ya sauke nauyi, tun da ya tashe su salla, bai tambayi kansa ko wane ne ya kwantar da su ba.

Ita 'ya mace matsalarta ta saɓa da wannan, kuma ta fi ban tausayi, domin ita ba sakaci ne ya hana ta barci ba, aiki ne. Tana cikin gida ƙarƙashin idon uwa, amma uwar da ke cikin kulle, wadda sana'arta ta ƙosai ko awara ko dafa-duka ba ta isa kasuwa sai a kan 'yarta, da wannan 'yar take dogara tun daga fitowar rana har rufe ƙofa. Ta dawo daga boko ta wuce Islamiyya, ta dawo ta ɗauki tallar yamma zuwa bakin tasha inda manyan motoci ke yada zango, ta shigo bayan lisha a zauna lissafin ciniki, ga wanke-wanke yana jiranta, ga waken gobe da za a surfa a jiƙa. Idan ta isa zance, a aiko yaro ya yi sallama da ita, ta fita soro ta ƙara awa guda. Sa'an nan ta kwanta a tsakiyar ƙannenta, wanda ya yi kuka ita za ta lallasa, wanda ya yi fitsari ita za ta gyara, kafin assalatu kuma an tashe ta kai niƙa ko hura wuta. "Inna, barci nake ji." "Yi haƙuri, 'yar nan, ƙarasa wannan ki kwanta, ai don ke ake yi." Kuma gaskiya uwar ta faɗa, don ita ake yi, domin daga ribar nan ne za a tara kwanuka da gado da katifar da za a kai ta da su ɗakin miji ba tare da an ji kunya ba. Ba na ɗora wa irin wannan uwa laifi, talauci da al'adar kayan ɗaki su suka matse ta. Amma ina kira ga maigidan da ke ganin cinikin matarsa bai shafe shi ba, ya sani cewa ciyarwa da tufatarwa a wuyansa shari'a ta ɗora su, kuma duk abin da ya gaza a nan, daga idon 'yarsa ake cire shi.

Yanayin shekara ma yana da nasa rabon, ko da yake wannan kowa ya san shi. Da damina, a ƙasar Doguwa da Tudun Wada inda masara da shinkafa da rake suke, saurayi yakan yi sammako ya yi noma kafin ya sa kayan makaranta. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, noman rani ya bunƙasa a wannan shiyya, ban-ruwa kuwa sau da yawa da dare ko da jijjifi ake yin sa, samari ne kuma ke kwana wajen inji. Da bazara, lokacin da zafi ke kai digiri 40, ɗakin kwano ba ya kwantuwa sai dare ya raba. Da damina ga sauro ga wanda ba shi da gidan sauro. 'Ya'yan makiyaya na gefen dajin Falgore, musamman a shekarun da satar shanu ta yi ƙamari wajen 2015, sun san kwana da kunne ɗaya a buɗe. Waɗannan larurori ne, mai hankali ba ya musunsu; abin da ake nema kawai shi ne uban da ya san ɗansa ya kwana a fadama kada ya yi mamaki idan sakamakon jarrabawa ya zo da rauni, kuma ya nema masa ramuwa da rana.

Akwai wani sababi da ba a cika ambatonsa ba saboda nauyinsa a baki, shi ne rashin sakina a cikin gida. Barci yana son aminci; zuciyar da ke cikin fargaba ba ta sakin jiki. Malama Mona El-Sheikh ta Jami'ar Auburn, wadda ta riƙa ɗaura wa yara wata 'yar na'ura a hannu mai auna motsinsu cikin dare, ta nuna tun daga 2006 cewa 'ya'yan gidajen da ma'aurata ke yawan husuma barcinsu ya fi gajarta, ya fi yankewa. A gidajenmu kuwa, inda katangar ɗaki da ɗaki ba ta hana jin magana, kuma inda dare shi ne lokacin da maigida ke dawowa a buɗe littafin ƙorafi, a yi ta cacar baki a kan cefane ko rabon kwana ko abin da ɗan wance ya yi wa ɗan wance, budurwar da ke kwance ta juya fuska bango tana jin kome, tana lissafin ko gobe uwarta za ta yi yaji. Agola da ɗan riƙo da wanda aka saki uwarsa ya zauna hannun kishiyarta, su ne suka fi kowa sanin wannan irin kwana. Almajirin da ke kwance a soron wani ko a rumfar kasuwa, wanda ba shi da gidan ma da za a yi maganar tsarinsa, sha'aninsa ya fi ƙarfin wannan maƙala, amma haƙƙinsa yana kan mahaifin da ya turo shi kamar yadda na sauran yake.

To, shin maganar uba tana da tasiri a kan wanda ya riga ya fara gemu? Bincike ya ce tana da shi. A 2010 James Gangwisch na Jami'ar Kolombiya ya buga nazarin da ya yi a kan matasa fiye da 15,000 a Amurka, ya tarar waɗanda iyayensu suka bar su har ƙarfe 12 ko bayan haka sun fi fuskantar ciwon damuwa da kashi 24 cikin 100 a kan waɗanda aka yanka wa ƙarfe 10 ko kafin haka, kuma mafi yawan matasan sun ce suna bin lokacin da aka sa musu. A shekara mai bi mata Michelle Short da abokan aikinta a Ostareliya suka sami cewa waɗanda iyaye ke sa wa lokacin kwanciya suna samun ƙarin kimanin minti 19 a kowane daren makaranta, suna kuma wuni da ƙarancin gajiya. Irin wannan bincike dangantaka yake nunawa, bai isa shi kaɗai ya yanke cewa wannan ne ya haifar da wancan ba, domin gidan da ke kula da lokacin barci galibi yana kula da sauran al'amura. Mu kuwa muna da hujjar da ta riga wannan da ƙarni goma sha huɗu. Buhari da Muslimu sun ruwaito daga Abu Barzata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana ƙin barci kafin lisha da hira bayanta, malamai kuma suka bayyana illar da cewa hirar tana kai wa ga makara da asuba, suka keɓe abin da ya zama neman ilimi ne ko karɓar baƙo ko zantawa da iyali. Hadisin Jabir kuma ya yi umarni da tsare yara a farkon shigar dare, da rufe ƙofofi, da kashe fitilu lokacin kwanciya. Muna karanta waɗannan a makarantun zaure, muna fassara su da Hausa mai daɗi, sa'an nan mu tashi mu tafi majalisa.

Domin a nan ne gaskiya take da ɗaci. Magidancin da ke zaune a dakalin ƙofar wani har ƙarfe 11 ana warware siyasar Kano da ta Abuja, uwar da ke bin shirin fim mai dogon zango a waya har cajinta ya ƙare, ba su da bakin da za su ce wa yaro ya kwanta, ko sun faɗa ma ba zai shiga ba. Na san akwai uzuri na haƙiƙa: a garuruwan da ake kawo wuta tsakar dare, dole a tashi a yi guga, a sa caji, a tayar da injin niƙa ko na ruwa, gida duka ya farka da ihun yara. Amma wannan dare ɗaya ne cikin da yawa, sauran dararen zaɓinmu ne. A watan azumi ma, da ake haɗa asham da tashe da sahur, ga tahajjudi a goman ƙarshe, ibadar ba ita ke cinye daren matasa ba, zaman da ake yi tsakanin asham da sahur ba tare da an runtsa ba shi ne ke cinye shi, har a wayi gari yaro ya yi asuba ya kwanta sai la'asar, azahar ta wuce shi.

Sauran abin da ya rage mana, wanda yawancin Turawa ba su da shi a tsarinsu mu kuwa muna da shi muka sake shi, shi ne ƙailula, wato ɗan barcin tsakar rana. Sahabi Sahlu ɗan Sa'adu ya ba da labarin cewa a ranar Juma'a sai bayan salla suke ƙailula da cin abinci, abin da ke nuna cewa a sauran ranaku al'ada ce sananniya gare su, ayar Suratun Nur da muka ambata ma ta lissafa tsakar rana cikin lokutan da ake tuɓe tufafi a huta. Carol Worthman ta Jami'ar Emory, da ta yi nazarin iyalai a Alƙahira da wani ƙauye na Masar, ta tarar barcinsu na dare gajere ne, amma da na rana yake cika ya kai kimanin awa 8. Ɗalibin Bebeji ko Kiru a yau an toshe masa wannan ƙofa: a tashi boko wajen ƙarfe 2, ya yi tafiya zuwa gida, ya ci abin da ya samu a tsaye, a kaɗa shi Islamiyya ko gona ko shagon koyon sana'a, da magariba kuma ga makarantar dare. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan alheri ne, kuma kowane malami yana ganin nasa lokacin ne kaɗai ya ɗauka. Babu wanda ke ganin jimillar sai iyaye. Da shugabannin Islamiyyu da iyayen yara za su zauna su bar ko da minti 30 zuwa 40 tsakanin azahar da la'asar, su kuma tabbatar makarantar dare ta tashi da lisha ko jim kaɗan bayanta, da haddar kanta ta fi zama. Sharaɗi dai kada ƙailular ta yi tsawo ko ta gangara bayan la'asar, domin idan ta yi haka sai ta ture barcin dare.

Game da shagon samari kuwa, ba na ganin daidai ne a rushe al'adar, ko a ce uba ya keta kunyar da ke tsakaninsa da ɗansa na fari ya riƙa tsayawa a kansa kowane dare. Gidan Bahaushe ya riga ya tanadi waɗanda wannan kunya ba ta ɗaure su ba. Akwai baffa da kawu, akwai babban wa da ya yi aure yana cikin gidan, akwai kaka wadda wasan da ke tsakaninta da jika ya ba ta damar faɗa masa abin da uwarsa ba za ta iya ba, ta ce, "Kai mai gidana, kawo wayar nan in ajiye maka, da safe ka karɓa," ya miƙa yana dariya. A gidan da aka wakilta ɗaya daga cikin waɗannan ya riƙa leƙa shago idan ƙarfe 10 ta yi, aka mai da wurin cajin waya ɗakin tsohuwa, aka bar kallon ƙwallon dare ga daren da babu makaranta washegari, aka kuma ware wa ƙananan samari makwanci dabam da na waɗanda suka gama sakandare, an magance rabin abin ba tare da an kashe ko kwabo ba. Wanda kuma aka yi masa duk wannan amma ya ci gaba da kwana ido biyu makonni a jere, ko yana minshari mai yanke numfashi, ko aka ga ya janye daga mutane ya daina cin abinci, to a kai shi asibiti likita ya duba shi, kada a saya masa ƙwayar barci a kemis.